Farin Yadi Shida na Alhaji Dogo

Jiya ma sai da wani ya zo mani da wayarshi, ya nuna mani bidiyon wata mata tana haɗa bargo, ya ce ai aikin nan namu miƙaƙƙen ɗinki ne kawai, sati biyu ya ishe shi ya iya. Na dube shi, na dubi hannunshi da bai taɓa riƙe almakashin tela ba. Wai sati biyu. Ni da na yi shekara talatin da ɗoriya a kan keken ɗinki, sha biyar daga ciki a kan bargon haɗi kaɗai, har gobe in zan sa almakashi a yadin mutum sai gabana ya faɗi. To ku da kuka ce kuna son koyo, ku aje wayoyin nan ku matso.

Bargon haɗi dai kun gan shi a rataye: a yayyanka yadi, a sake haɗa shi ya ba da fasali, a shimfiɗa faiba, audugar roban nan, a tsakiya, a sa wani yadin a baya, a bi duka da ɗinki. Ni da yadi mai launi ɗaya nake aiki, wanda 'yan kasuwa ke ce ma filen. Kuna ganin kamar shi ya fi sauƙi don ba fure ba zane, ko? Nan kuka yi kuskure. Atamfa tana rufa ma tela asiri, in ɗinki ya karkace furen ya haɗiye shi. Filen ba ya rufa ma kowa asiri. Inda kusurwa huɗu suka haɗu, in ɗaya ta zame da faɗin ƙwayar shinkafa, mace za ta hango tun daga ƙofar ɗaki, kuma ba za ta yi shiru ba.

Kayan aikin ba su da yawa: almakashi wanda ba a taɓa yanka takarda da shi ba, tef, alli, doguwar rula, kwalayen da nake fidda girman kowane yanki, dutsen guga mai nauyi, sai keke. A wajen Malam Sule na koyi ɗinki a Ƙofar Guga, Allah ya jiƙan shi. Wata takwas na yi ina guga da jiƙa yadi kafin ya bari na hau keke. Shi ya dasa mani cewa ba a yanka yadin auduga sai an jiƙa shi ya gama shan ruwanshi, in ba haka ba ranar da mai kaya ya wanke, wani yanki ya tsuke wani bai tsuke ba, aiki ya tattare kamar tsohuwar tabarma. Har na kai in na shafa yadi da yatsa biyu na san ko ya taɓa shiga ruwa. Ina alfahari da wannan sanin ƙwarai. Shi ne kuma ya jefa ni cikin abin da zan gaya maku.

Wata ranar Talata, sanyi na shirin shigowa, Hajiya Binta ta zo shagona na Ƙofar Marusa da ƙatuwar leda. Ma'aikaciya ce, na taɓa yi mata barguna biyu na ɗakinta. Wannan karon na mahaifinta take so, Alhaji Dogo, tsohon ɗan kasuwar hatsi da ya haura tamanin. An kwantar da shi asibiti za a yi mashi aikin ido, ita kuma ta samu damar gyara mashi ɗaki, don in yana nan ko tsintsiya ba ya bari a sa. A cikin wani tsohon akwatin ƙarfe ta tarar da yadukan da 'ya'ya da jikoki ke kawo mashi duk Sallah, bai taɓa kai ko ɗaya wajen tela ba. Ta ce tunda ya ƙi sa su a jiki, bari ya lulluɓa da su. Ba ya son kwalliya, ba ya son fure, saboda haka ta tuno da ni.

Na zazzage ledar a kan tebur. Shuɗi mai duhu, ruwan toka, ruwan ƙasa, sai wani fari a can ƙasa an naɗe shi daban an ɗaure da zare. Na kwance na auna, yadi shida cif. Auduga ce zalla mai kauri, irin wadda ba a samu a kasuwa yanzu. Yana ɗan ƙamshin kafur, ga shatin ruwa a jikinshi, ga alamar an shanya shi ba a goge ba. Na shafa da yatsa biyu. Kun san abin da na ce? Wallahi murna na yi. Na ce ma Hajiya wannan ya riga ya sha ruwanshi, an rage mani aiki. Ban tambayi kaina wane ne zai jiƙa sabon farin yadi, ya shanya, ya ƙi gogewa, ya ɗaure ya ɓoye a gindin akwati ba. Idon tela ya gani sarai, hankalin Musulmi ne ya tafi yawo.

Sauran na jiƙa su kamar kullum, farin ban sa shi a ruwa ba. Na zana fasali a takarda: farin fili mai faɗi, shuɗi da toka su ratsa shi tsaye kamar ginshiƙai, wani dogo wani gajere, ruwan ƙasa ya zagaye baki. Farin shi ne uwar aikin, saboda haka kusan duka na cinye shi. Yanki ɗari da sittin da biyu na fidda daga cikinshi, wasu faɗin tafin hannu, wasu dogaye. Kwana goma sha ɗaya na yi a kai. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin bargon da ya kai shi kyau ba. Hajiya ta zo ta ɗauka tana ta sa albarka, bayan kwana biyu ta bugo waya ta ce Baba ya dawo, ido ya buɗe, ya ga bargo ya ce a gaishe da tela.

Sati uku bayan nan, da hantsi, sai ga ta a ƙofar shago, ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba. Fuskarta ta kumbura don kuka. Ta ce in rufe shago in biyo ta, Baba na nemana. A cikin mota ta gaya mani. Tsohon ya tashi da safe ya buɗe akwatinshi, ya birkice shi kaf, ya kira ta ya tambayi ina farin yadin da ke ɗaure da zare. Ta nuna mashi gado. Ta ce ya daɗe yana kallon bargon, sannan ya ce mata likkafaninshi ne.

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗi. Likkafanin mutum na shimfiɗa a tebur na bi da alli, na datsa gida ɗari da sittin da biyu, har ina waƙa. Kuma bawan Allah ya yi sati uku yana kwana cikinshi yana sa mani albarka.

Na ishe shi zaune a bakin gado, bargon na ninke a gefenshi. Dogo ne da gaske, ko a zaune ya kusa kai ni tsawo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar tsaf, ya tambayi iyali da aiki da sanyi, bai tsallake ko ɗaya ba, ni kuwa na fi so ya zage ni. Da ya gama sai ya ce:

"Malam Iro, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka wanke shi?"

Na ce ban wanke ba, Baba, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba a hannuna. Ya juya ga ɗiyarshi, ta ce ita ma ba ta wanke ba. Ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi.

Sannan ya ba ni labarin. Sau ɗaya ya je Makka a rayuwarshi, shi da mahaifiyar su Hajiya Binta, shekaru da yawa da suka wuce. Can suka sayi farin yadi goma sha biyu, suka jiƙa shi da ruwan Zamzam da hannunsu, suka fita rana suka shanya, ita ta riƙe baki ɗaya shi ya riƙe ɗaya har ya bushe. Suka raba shida shida. Ita an rufe ta da nata shekara tara da suka wuce. Ita kaɗai ta san abin da ke gindin akwatin, bai taɓa gaya ma 'ya'yan ba don kar ya tayar masu da hankali.

Na ce mashi zan nemo fari wanda ya fi wannan, Zamzam kuwa ba ta wuya yanzu, kowane gidan alhazai akwai jarka. Hajiya Binta ta ƙara da cewa malamai ma sun ce kowane farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar. Ya ce ya sani, ya riga mu jin karatun. Bai ce dole ba ne a addini. Shi dai wannan yake so, wanda matarshi ta riƙe ma baki.

"Kai ka yanka," ya ce, "kai za ka haɗa mani abina."

Yanzu ku da kuka ce miƙaƙƙen ɗinki ne, ku saurara. Warware bargon da aka riga aka bi da ɗinki ya fi haɗa shi wuya sau uku. Ba a ja, ba a fizga. Reza da allura, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, in reza ta zame ta ci farin, ka rage ma mutum sutura. Ga shi ba halin in wanke, ba halin in yayyafa ruwa in goge, ko yatsa ba na lasa in kama zare. Kullum sai na yi alwala na goge hannu ya bushe ƙarau kafin in taɓa. Na shimfiɗa sabon zani a tebur, na hana kowa shigowa da abinci ko shayi. Kwana tara na yi ina warwara, ina tsince zaren shuɗi daga jikin farin da hantsaki, ina jera yankunan ina ƙirgawa safe da yamma.

Haɗawar kuma da hannu na yi, fari a kan fari, da zaren da na zare daga jikin yadin kanshi, don kar in sa mashi baƙon abu. Sati biyu. Da na gama na ninke na kai mashi, ina ganin na fita.

Ya karɓa ya buɗe, ya bi ɗinkin da yatsa. Sai ya ce ma Hajiya Binta ta shimfiɗa tabarma. Muna tsaye muna kallo, tsohon nan ya sauko daga gado da ƙyar, ya miƙe a kan tabarmar ta gefen dama, ya fuskanci gabas, ya ce in lulluɓa mashi mu gani. Hajiya ta ce Baba don Allah ka bari, ta fita tsakar gida da gudu. Na auna mutane ba iyaka, na auna ango, na auna jariri, amma ban taɓa tunanin zan auna mai rai da likkafaninshi ba. Ya ce in yi sauri, ƙasa na da sanyi.

Na lulluɓa. Na ja ya rufe kai da ɗan rarar ɗauri, sai ƙafafu suka fito har idon sawu. Na ja ƙasa, furfura ta bayyana. Ya gaza da fiye da taƙi ɗaya.

Da na tsaya na yi lissafi tun farko da na sani. Duk inda yanki biyu suka haɗu, ɗinki na cin ɗan baki daga kowanne. A wuri ɗaya ba komai ba ne, amma tara shi sau ɗari da wani abu ka gani. Ga kuma gefe-gefen da na datse na zubar lokacin da nake daidaita yankuna. Alhaji ya yaye ƙyallen daga fuskarshi, ya kalli ƙafafunshi, ya tambaye ni ina sauran. Bai ɗaga murya ba. Na ce zan nemo.

Na san inda suke. Ƙyallayen da suka rage a shago ba na zubarwa, buhu nake tarawa, in ya cika in cusa matasan kai in sayar da araha. Na watan nan matashi huɗu suka yi, kuma duka wata mata mai sayar da waina a bayan layinmu ta saya ma 'ya'yanta. Na je da sabbin matasai huɗu na faiba, na ce mu yi musaya. Ta ce ba ta yarda ba sai na faɗi dalili, don ba a ba da sabo a karɓi tsoho haka kawai. Na yi ta kwana-kwana, ta ƙi. Ƙarya kuma ba zan yi a kan likkafani ba. Da na faɗa, matar nan ta saki ludayi, ta shiga ɗaki ta watso mani su waje ɗaya bayan ɗaya, tana cewa sama da wata guda 'ya'yanta na ɗora kai a kan kayan mamaci. Na ce mai shi na nan da ranshi. Ta ce wannan ai ya fi muni.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, kafin Juma'a ya kai Ƙofar Guga. Aka sa mani suna telan likkafani. Wata da ta ba ni aikin barguna uku na ɗakin ɗiyarta ta aiko a karɓe yadinta ko yankawa ban yi ba. Wata ta dawo da wanda na yi mata tun bara, wai tana ganin fari a ciki ba ta iya barci. A lokacin sanyi, lokacin da muke samun na shekara, na yi wata huɗu ba wanda ya taka shagona da aiki. Keke ɗaya cikin biyun da nake da su sai da na sayar muka ci abinci. Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a, kuma ba wanda ya jawo mani ita sai ni.

Amma a lokacin ba ta kasuwa nake ba. Na farke matasan na zazzage a kan zani, tarin ƙyallaye ya kai gwiwa, fararen ciki kaɗai sun cika kwano biyu. A nan ne za ku gane fari ba ɗaya ba ne. Akwai mai ɗaukar shuɗi-shuɗi, akwai mai ruwan madara, akwai mai roba a ciki da ke ƙyalli. Na Alhaji ya ɗan ja zuwa launin nono saboda daɗewa, zarenshi kuma ya fi kauri. A cikin shago ba a ganewa, a rana tsaka ma ido na ruɗewa. Sai da safe a inuwa nake zama, in ɗauki ƙyalle in ɗora a kan babban, in zare zare ɗaya in murza in gani. Wanda na yi shakka a kanshi na aje gefe, don gara ya gaza da in cusa mashi abin da ba nashi ba. Na samu tamanin da bakwai. Mafi yawansu ba su fi yatsa biyu faɗi ba.

Na koma kan babban na warware rabin ɗinkin da na yi, na sake shi da siririn baki, iyakar abin da zare zai riƙe. Ƙananan kuma na jera su na haɗa suka ba da wani dogon yanki, na ɗinka shi ta wajen ƙafa. Idona ya yi ja, yatsan nan har yau ba ya lanƙwasuwa daidai. Kullum Hajiya Binta sai ta bugo ta ce jikin Baba ya ɗan motsa, ba ta ce in yi sauri ba, amma na san abin da take nufi. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, kar a aiko mani da rasuwa alhali abin na kan teburina rabi da rabi.

Ranar da na koma, ya rame ƙwarai, sai da muka kama shi ni da ɗiyarshi muka kwantar a tabarmar. Wannan karon ba ta fita ba, ta tsaya ta wajen ƙafa tana riƙe da baki ɗaya. Na ja nawa bakin ya wuce kai, na tattara rarar a hannuna. Daga ƙarƙashin ƙyallen muka ji muryarshi.

"Binta, ƙafar ta rufu?"

"Ta rufu, Baba. Har da na ɗauri."

Na kai hannu zan yaye, ya ce in dakata. Muka tsaya a kanshi muna kallon ƙyallen na ɗagawa yana sauka a kan ƙirjinshi, ni dai ban san tsawon lokacin ba. Sannan ya ce to, ya isa, a naɗe mashi abinshi a mayar akwati, kuma kowa ya san inda yake yanzu. Ya ce Allah ya yi mani albarka. Na buɗe baki in ce amin, kuka ya riga shi fitowa, ni da furfurata.

Da damina ta faɗi aka aiko mani da safe cewa Alhaji Dogo ya cika. Na je aka yi sallah da ni, na bi har maƙabarta. Da aka sauke makara na kutsa gaba, ban san lokacin da na yi ba. Ga ɗinkina nan layi-layi tun daga kai har ƙasa, ga ƙananan ƙyallayen nan tamanin da bakwai a naɗe da ƙafafunshi, an ɗaure, ba abin da ya fito. Wani dattijo a gefena ya yi ƙasa da murya ya ce wane irin likkafani ne wannan duk faci. Na durƙusa na kama ta wajen ƙafar, muka sa shi tare.